Haƙƙin da Ba a Biya Ba: Nasiha ga 'Ya'yan Yerwa

'Ya'yana, samari da 'yan matan Yerwa, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku wadda take ci mini rai. Idan wani ya yi ɓarna, ya daki ɗan mutane ko ya cinye kuɗin da aka ba shi amana, aka kai shi ofishin 'yan sanda da hantsi ya dawo gida kafin la'asar, sai in ji kuna cewa, "Kai, wane ya iya! An kashe maganar." Da sha'awa kuke faɗa. Na san ba ɓarnar kuke yabo ba, tarbiyyar gidajenku ta fi ƙarfin haka. Abin da ke burge ku shi ne mutum ya kasance yana da uwa a gindin murhu, ya taka wanda ya ga dama ya kwana lafiya. Wasunku ma in za su faɗi gaskiyar burinsu, ba ilimin ba ne, ba dukiyar ba ce, so suke su kai matsayin da ba mai iya tambayarsu.

To, ku ba ni aron kunnuwanku. Babu garin da ya kamata ya tsani wannan ɗabi'a kamar namu, domin mun binne mutanenmu saboda ita.

Yawancinku kuna goye ko kuna wasan ƙasa a 2009, saboda haka labari kuka ji, kuma sau da yawa guntu-guntu kuka ji shi. Tun kafin shekarar nan an riga an saba wa mutane da jinin da ba a bin kadinsa. Malam Ja'afar Mahmud Adam, wanda iyayenku suka yi shekaru suna cika Masallacin Indimi don sauraron tafsirinsa na azumi, an harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi cikin Kano, ranar Juma'a 13 ga Afrilu, 2007. Har yau ba a tsayar da wani gaban alƙali an ce ga wanda ya yi, ga hukuncinsa ba. A shekarun nan ne kuma 'yan bangar siyasa da ake kira Ekomog suka ci karensu babu babbaka a titunan garin nan. Yaro yana gani da idonsa cewa mai ɗaurin gindi ba ya kwana a bayan kanta.

Ranar 11 ga Yuni, 2009, jami'an sintirin haɗin gwiwa na Operation Flush suka tare mabiya Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar Boko Haram, suna rakiyar gawa zuwa maƙabarta a kan babura. Aka yi sa-in-sa kan dokar hular kwano, aka buɗe wuta, mutum 17 suka jikkata. Ba a ji an hukunta kowa ba. Ranar 26 ga Yuli rikici ya ɓarke a Bauci, wutar ta iso Maiduguri, cikin 'yan kwanaki aka rasa rayuka fiye da 700. 'Yan ƙungiyar sun kashe 'yan sanda, sun ƙona coci-coci da ofisoshi, sun yanka mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ranar 30 ga wata sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa, suka damƙa shi hannun 'yan sanda. Bayan 'yan sa'o'i gawarsa aka nuna wa duniya.

Ku fahimce ni da kyau, ba wanke shi nake yi ba. Abin da ya shuka ya cinye garuruwa, kuma alhakin kowane rai da mabiyansa suka ɗauka yana wuyan wanda ya ɗauka da wanda ya sa shi. Abin da nake so ku lura da shi wani ne daban, wanda mutane da dama ba su gane ba a ranar da suke murna. Harsashin da ya kashe shi a tsare ya kuɓutar da shi daga shari'a. Bai tsaya gaban alƙali ba. Matar ɗan sandan da aka yanka ba ta samu ranar da za ta kalle shi ta faɗi abin da aka yi mata ba. Ba a tambaye shi wa ya ba shi kuɗi, wa ya yi ta karɓar belinsa a baya, wa ya sayo makamai ba. Duk wanda ke da hannu a ɓoye ya yi ajiyar zuciya a daren nan. Mun ɗauka an hukunta mutum ɗaya, ashe an sallami mutane da yawa ne.

A watan Fabrairun 2010 gidan talabijin na Aljazira ya nuna hotunan jami'an tsaro suna kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa a Maiduguri, cikinsu har da masu dogara sanda. A 2011 aka gurfanar da wasu jami'an 'yan sanda a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan kisan Muhammad Yusuf, aka yi shekaru ana jan shari'ar, daga ƙarshe kotu ta sallame su. Alƙali da hujjar da aka kawo masa yake aiki. Amma ga gawa, ga hoto, mai laifi babu. Waɗannan hotuna jagororin ƙungiyar, su Abubakar Shekau, suka riƙe suna farautar zukatan yara da su, suna cewa ku duba, a ƙasar nan ba za a taɓa bi muku haƙƙi ba. Ƙarya suka gina, amma filin da suka gina ta a kai kyauta aka ba su.

Cikin wannan duhu akwai gida ɗaya da nake so ku riƙe labarinsa. Baba Fugu Muhammad, dattijo ɗan shekara saba'in da 'yan kai, surukin Muhammad Yusuf ne. Da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda da ya ji ana nemansa, bai fito da rai ba. 'Ya'yansa ba su shiga daji ba. Lauya suka ɗauka suka shigar da ƙara, a watan Afrilun 2010 Babbar Kotun Jihar Borno ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta yanke diyyar naira miliyan 100, aka biya a farkon 2012. Kuɗi ba ya dawo da uba. Amma an rubuta a takardar hukuma cewa an zalunci wannan mutum, kuma jikokinsa za su tashi da wannan takarda a gidansu, ba da bindiga ba. Ina yawan tunanin da gidaje ɗari sun samu irin wannan amsa a shekarar nan, da yaran da aka ja zuwa dajin Sambisa sun ragu ƙwarai.

Abin da ya biyo baya kun fi saninsa. Bama-bamai a kasuwanni da masallatai, 'yan matan Chibok 276 a daren 14 ga Afrilu, 2014, manoman shinkafa 43 da aka yi wa jana'iza rana ɗaya a Zabarmari a ƙarshen Nuwamban 2020. Sojoji da 'yan sanda da yawa sun ba da rayukansu don mu kwana cikin garin nan, kuma duk wanda ya raina wannan butulu ne. Sai dai godiya ba ta hana faɗin gaskiya. Ranar 14 ga Maris, 2014, bayan harin da aka kai Barikin Giwa, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe fiye da mutum 640, yawancinsu tsararrun da suka gudu aka sake kamawa. A rahotonta na Yunin 2015 ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011. Rundunar soja ta musanta. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram ta aikata laifuffukan yaƙi, haka ma wasu daga cikin jami'an tsaron Nijeriya. Matan da suka haɗu a ƙungiyar Knifar sun yi shekaru suna tambaya ɗaya tak: ina mazajenmu?

Wani zai ce tono irin wannan yana karya gwiwar masu kare mu. Ni ban yarda ba, kuma ba daga wajen Turawa na ɗauko hujjata ba. Bayan buɗe Makka, Annabi (SAW) ya aiki Khalid ɗan Walid zuwa ƙabilar Banu Jazima, aka samu rashin fahimta, aka kashe mutanen da bai kamata a kashe ba. Da labari ya iso, Annabi bai rufe maganar don Khalid jarumi ne ba. Ya ɗaga hannuwansa ya barranta ga Allah daga abin da aka yi, ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar waɗanda aka kashe da asarar da aka yi musu. Rundunar Musulmi ba ta yi rauni saboda haka ba, Khalid kuma ya ci gaba da jagorantar yaƙe-yaƙe. Shugaban da ya amsa kuskuren mutanensa ya biya, shi ne jama'a ke yarda su kai masa rahoton maƙiyi.

Yanzu ga maganar da ta fi zafi a zaurukanmu, maganar tubabbu. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin Operation Safe Corridor, da sansaninsa a Malam Sidi ta Jihar Gombe. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021 kuwa, dubun-dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya, gwamnatin Babagana Umara Zulum ta tsugunar da da yawansu a sansanin alhazai da wasu wurare kafin a mai da su cikin jama'a. Adalci ne mu ce ba dukansu mayaƙa ba ne. Akwai manoman da yaƙi ya rutsa da su a ƙauyukansu, akwai mata da yaran da aka sace. Gaskiya ne kuma duk bindigar da aka ajiye ran wani soja ko wani manomi ne ya tsira. Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar tuba. Wanda ya rufe ta ya ce wa na daji ya yi ta yaƙi har ya mutu.

Amma akwai wata baiwar Allah da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu, 'yar gudun hijira ce daga wani ƙauye a yankin Bama. A gabanta aka kashe mijinta. Wata safiya na zo sayen ƙosai na tarar ta sauke kaskon daga wuta, ƙullun yana ajiye, ta zauna a kan bencin masu saye hannuwanta biyu cikin mayafi. Yara 'yan makaranta suna tsaye da kuɗinsu ba ta ko kalle su ba. Da na matsa na tambaye ta lafiya, sai ta ce ɗaya daga cikin mutanen da suka shiga gidansu a ranar ne ya wuce yanzu, da sabuwar riga, har ya ce mata ina kwana. Ta ce, "Malam, ni ban ce a kashe shi ba. Amma ya kalle ni ya gaishe ni kamar ba shi ba. Ko ki yafe ni bai ce ba."

Wannan mata ta fi masu dogon jawabi fahimtar shari'a. Ku buɗe littafin Risala na Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan malamanmu, ku duba hukuncin mai tare hanya da makami. Idan ya zo ya tuba kafin a kama shi, haddin da yake haƙƙin Allah ne ya faɗi daga kansa, amma haƙƙin mutane, na jini da na dukiya, yana nan a wuyansa. Hukuma tana iya yafe nata. Ba ta da ikon yafe na mai ƙosai, domin ba nata ba ne. A shari'armu waliyyan jini ne ke zaɓa tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, kuma afuwar da aka ƙwata da ƙarfi ko da kunya ba afuwa ba ce.

Ku tuna da Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya musulunta ya zo gaban Annabi, an karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba. Amma sai da ya ba da labarin yadda ya yi kisan da bakinsa, sannan Annabi ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Wahshi bai ce ai na tuba, dole a rungume ni ba. Ya ja jikinsa, ya zauna yana neman aikin da zai rama ɓarnarsa da shi, har ya samu a yaƙin Yamama inda ya kashe Musailama. Idan mafi tausayin halitta ya ji nauyin kallon wanda ya kashe baffansa, wa ya isa ya ce wa gwauruwar Bama ta yi murmushi?

Afirka ta Kudu ma da ta fito daga mulkin wariyar launin fata ba kyauta ta raba afuwa ba. Hukumar gaskiya da sulhu da Desmond Tutu ya shugabanta ta gindaya sharaɗi: sai ka bayyana duk abin da ka aikata, ba ɓoye-ɓoye. Fiye da mutum 7,000 suka nema, 849 aka ba. Uwaye da dama a can a zaman hukumar nan suka fara jin inda aka binne 'ya'yansu. Abin da nake roƙa wa Borno ke nan. Wanda ya tuba ya zo gaban Bulama da Lawan da liman da mutanen da ya cuta, ya faɗi abin da ya yi, ya nuna inda ƙasusuwa suke, ya nemi gafara da bakinsa, ya karɓi amsar da aka ba shi ko da ba mai daɗi ba ce. Kuma kafin a ba shi jari da keken ɗinki, a tabbata marayun da ya bari sun samu nasu.

In kuwa cikin masu karanta wannan akwai wanda ya dawo daga daji, ɗana, da kai nake. Takardar da aka ba ka ta hana a kama ka, kuma ina taya ka murna da ka ajiye makami. Amma malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga zunubin da ya shafi bawa ba ta cika sai an mayar masa da haƙƙinsa ko ya yafe. Ka nemi dattijon da zai yi maka jagora. Idan an kore ka, ka yi haƙuri ka koma wata rana.

Akwai kuma waɗanda da gaske ba su da laifi, mu ne muke zaluntarsu. An kwashi samari a unguwanni, suka yi shekaru a tsare, daga baya aka tantance aka ce ba su da hannu, aka sake su ta cibiyar Bulumkutu. A shari'o'in da aka fara a barikin Wawa kusa da Kainji a Oktoban 2017, an ɗaure wasu, an sallami ɗaruruwa don babu hujja a kansu. Irin waɗannan sun dawo ba lafiya ba sana'a, sai kuma mu hana su aure, mu hana su haya, mu bi su da zunɗe. Yarinyar da aka sace tana da shekara goma sha uku ta dawo da goyo, me ta yi? Jaririn fa? A addininmu an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, wanda aka tilasta ma an yi masa rangwame, kuma ba a kama ɗa da laifin ubansa. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Idan kun ji ana kiran wani yaro ɗan Boko a makaranta ko a filin ƙwallo, ku tsawata. Abin takaici ne a ce shafaffe da mai muna tashi tsaye mu gaishe shi, marar laifin da ba shi da kowa kuma shi muke ɗora wa laifin gari.

Kada ku ce wannan duk maganar manya ce da masu bindiga. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko inda kuke.

Tun da aka hana babura a garin nan a 2011, Keke Napep ya zama abincin samari da yawa. Ɗan wani tela maƙwabcina yana jan keke. Wata rana da yamma yana sauri ya banke wata yarinya da ke dawowa daga Islamiyya, ƙafarta ta karye. Kawunsa sananne ne, kafin isha'i yaro yana gida yana cin tuwo. Uban yarinyar ɗan garuwa ne, da aka je masa sai ya sunkuyar da kai ya ce ya bar wa Allah. Kowa ya ce magana ta ƙare. Washegari da sassafe telan nan ya rufe shagonsa, ya kama hannun ɗansa, saurayi mai gemu, har gadon asibiti. Yarinyar tana kwance an naɗe ƙafar da filasta, allonta da jakarta suna ƙarƙashin gado, uwarta tana yi mata fifita da murfin kwali. Ya ce masa, "Ka dube ta da kyau. 'Yan sanda sun sallame ka, ƙafar nan ba ta sallame ka ba." Daga ranar kowace yamma yaron nan yana kai rabin abin da ya samu, da ta fara takawa kuma shi yake kai ta makaranta ya ɗauko ta har ta warke. Abokansa sun yi masa dariya, sun ce babansa ya cika tsoro. Eh, tsoro ne, kuma ina roƙon Allah Ya ba ku irinsa.

Domin idan talaka ya ce maka ya bar wa Allah, kada ka ɗauka ya yafe. Ƙara ya ɗaukaka zuwa kotun da kawunka ba shi da lambar wayar kowa. Annabi da kansa ya gargaɗi sahabbai cewa shi mutum ne, mai yiwuwa wani ya fi abokin shari'arsa iya tsara magana ya yanke hukunci ya ba shi gaskiya, to wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta haka ya sani yankin wuta aka yanka masa. Idan hukuncin Annabi bai halatta wa mai ƙarya abin da ba nasa ba, ina ga sa hannun wani jami'i da aka kira a waya? Ya kuma ba da labarin mutumin da zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, a yi ta kwasar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a ɗebo zunubansu a jibga masa.

A watan Yunin 2013 yayyenku suka ɗauki gora da adda suka kori 'yan ta'adda daga unguwannin Maiduguri. 'Yan kato da gora sun yi abin da tarihi ba zai manta ba, da yawansu sun mutu a kai. Amma a kwanakin nan nuna mutum da yatsa ya isa ya raba shi da duniya, kuma duk wanda ya nuna wani don bashin da ke tsakaninsu ko don budurwa, babu kotun da za ta taɓa kiransa, shi kaɗai ya san abin da yake kwana da shi. Yau yatsan ya koma kan waya. Ka ɗora hoton mutum a Facebook ko ka tura a WhatsApp ka ce ɓarawo ne, ko mai leƙen asiri ne, ko 'yar iska ce, ka kashe waya ka yi barci. In an yi magana ka ce ai turowa aka yi na tura. Haka mai jifa cikin taro yake cewa ai ba ni kaɗai ba ne. Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi kan gungun mutanen da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, bai raba jinin gida-gida ya ce kowa ɗan kaɗan ya ɗauka ba. In kun ji an yi ihun ɓarawo a kasuwar Monday Market, ko dai ku taimaka a kai shi hannun hukuma da ransa, ko ku cire hannunku.

Wasunku za su riƙe muƙamai, ina fata. Za ku tarar da sashe na 308 na tsarin mulki, rigar kariya da ta hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu suna kan kujera. Jinkiri ne kawai, ba wanki ba. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun tuɓe rigar, kotu ta ɗaure su a 2018 kan kuɗin jama'a, aka yi musu afuwa a Afrilun 2022. Ƙofar kurkuku ta buɗe, amma afuwar ba ta ce ba su ci ba. Ƙananan ma'aikata kuma suna da tasu rigar: umarni aka ba ni, daga sama aka ce. Wanda ya sa hannu a takardar ƙarya da alƙalaminsa ya sa.

Akwai wata riga da muka fi son sakawa mu duka, ita ce ƙaddara. Ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya shigo gari, ya mamaye Gwange da fadar Shehu da kasuwa da Asibitin Koyarwa, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Mun yi imani babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah. Amma madatsa gini ce, tana da masu kula da ita da kasafin gyara, kuma tambayar wa ya kamata ya duba bai duba ba ba ta warware imanin kowa. Ƙaddara ta wanda musiba ta faɗa wa ce ya yi haƙuri da ita. Ba ta zama mafakar wanda ya yi sakaci ba. In kun zama injiniyoyi ko likitoci ko direbobi, kada ku ari wannan kalma ku rufe aikinku da ita.

Idan kuma ku aka zalunta, kada ku bi hanyar ramuwa, mun ga inda take kaiwa. Kada kuma ku yi shiru don an ce wanda ya yi ya fi ƙarfinku. Ku rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka gani tun abin yana sabo. Ku adana takardar asibiti da hoton rauni. Ku fara da Bulama da Lawan, in abin ya fi ƙarfinsu akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Hanya ce mai jan rai, za a ɗage zama a sake ɗagewa, ku je da abokin tafiya mai haƙuri.

Akwai kuma aikin da ku kaɗai za ku iya, ku da kuka yi karatu kuke riƙe da waya. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da sunayen mutum fiye da 20,000 da suka ɓace a Nijeriya, mafi yawansu a wannan yanki namu, kuma akwai gidajen da ba su taɓa kai sunan nasu ba. Tsofaffin da suka san abin da ya faru suna ta tafiya. Ku zauna da kakanninku da gwaggonninku da littafi da biro. Ku rubuta cikakken sunan wanda ya ɓace ko aka kashe, da shekarunsa, da ranar da aka yi masa ganin ƙarshe, da wurin, da wanda ya tafi da shi in an sani, da wanda ya shaida. Ku ɗauki hoton tsohon hotonsa kafin ya goge. Kwafi ɗaya ya zauna a gida, ɗaya ku kai ofishin Red Cross da ke nan Maiduguri a shigar da shi cikin rajista.